Tumatir ɗin bokiti yana yaushi da azahar: a ƙara ruwa ko a bari?

Maman Khairat, Tumfure:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan tumatir. Na dasa nawa a bokitan fenti da jarkokin da aka yanke, suna jere a tsakar gida jikin katanga. Da sanyi lafiya lau suke, ganye shar, fure ya fito, har sun fara 'ya'ya. Tun da zafin nan ya kunno kai, kullum da azahar sai in tarar ganyen ya langaɓe. Da safe nake ba su ruwa, in na ga yaushin sai in ƙara da rana, wani lokacin har da yamma. Yanzu kuma wasu 'ya'yan gindinsu ya yi baƙi ya lotsa, ganyen ƙasa yana komawa rawaya. Maigida ya ce ruwa ne ya yi yawa, maƙwabciyata ta ce ƙishi ne. Ruwan nan kuwa wurin 'yan ga-ruwa muke saya, ba na so ya tafi a banza kuma shukar ta lalace.

Adda Jummai, Bolari:
Wa alaikumus salam. Ƙishi ne Maman Khairat, kada ki yi wasa. Zafin Gombe a watan Maris ba ya barin danshi a ƙasa. Nawa safe, rana da yamma nake ba su, ga su nan ras.

Bappa Manu, Kwadon:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, kafin a ce ƙishi ko ƙoshi, amsa mini waɗannan. Kin huda gindin bokitan? Wace irin ƙasa kika zuba? A kan me suke zaune? Sannan wanda ya fi duka: da asuba, kafin ki zuba musu ko ɗigo, ganyen a miƙe yake ko a kwance?

Maman Khairat:
Bappa, an huda amma ƙananan huji ne da ƙusa, a ƙasa can. A kan daɓen siminti suke. Ƙasar daga bayan gida aka ɗebo, tana da laka, na gauraya ta da kashin kaji. Da asuba kuwa a miƙe suke, kamar ba su ne suka yi laushi jiya ba.

Bappa Manu:
To, alhamdu lillahi. Shukar da ta kwana ta tashi a miƙe ba ƙishi ke damunta ba. Mu a lambu mun saba ganin haka, a tsakiyar rana tumatir yana sauke ganye ko da jiya aka yi masa bayi, in la'asar ta yi sanyi ya tashi da kansa. Yaushin da ke tayar mana da hankali shi ne na safiya. Ke dai gobe da azahar, in kin ga sun kwanta, kada ki ɗauko buta tukuna. Tura yatsarki cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. In kin ji sanyi da laima, juya ki bar su. In ƙasar ta fito a bushe tana wargajewa, ba su. Kuma ki riƙa ɗaga bokitin da hannu, wanda ya sha ruwa da wanda ya bushe nauyinsu ba ɗaya ba ne, da sannu hannunki zai gane.

Hamma Usman, Pantami:
Bappa, Allah ya ƙara girma, amma a nan ina da ja. Lambun Kwadon daban, bokiti daban. A gona saiwar tumatir tana nutsawa ƙasa ta nemo laima inda rana ba ta kai ba. A bokiti iyakarta bangon roba, abin da aka zuba shi ke nan. Na ga mutane da yawa an ce musu "kada ku cika ruwa", sun bar shuka a jarka ƙarama cikin wannan rana, kafin magariba ta ƙone. Ni a bazara sau biyu nake ba nawa, kuma in na tsallake na yamma, da safe sai na gani a jikinsu. Ina tsoron kada Maman Khairat ta ji maganarka ta janye hannu gaba ɗaya.

Bappa Manu:
Usmanu, ban ce ta janye hannu ba, cewa na yi ta tambayi ƙasar kafin ta zuba. Kai wace ƙasa ke cikin naka?

Hamma Usman:
Yashi da takin shanu da ya ruɓe, Bappa.

Bappa Manu:
To ka gani. Naka yana tsanewa, nata laka ce a kan siminti da hujin ƙusa.

Malam Sale, malamin gona:
Salamu alaikum. Bappa da Hamma Usman, kowa abin da idonsa ya gani ya faɗa, kuma ina ganin na Maman Khairat ya fi karkata wajen Bappa. Bari in ɗan tsawaita.

Saiwa ba ruwa kaɗai take buƙata ba, tana shaƙar iska daga 'yan kafofin da ke cikin ƙasa. In ƙasa ta jiƙe sharkaf dare da rana, ruwa ya cike kafofin nan, ƙananan saiwoyin da ke zuƙar ruwa sai su fara mutuwa. Shukar da saiwarta ta lalace kuwa yaushi take yi, duk da tana tsaye cikin ruwa. Mai ita ya ga yaushi ya ƙara ruwa, abin ya ƙara ɓaci. Rawayar da kike gani a ganyen ƙasa tana iya zama daga nan.

Shi kuma yaushin azahar, ganye ne ke fitar da ruwa fiye da yadda saiwa ke iya turo masa, saboda zafi da busasshiyar iska. Ƙara ruwa a ƙasar da ke da laima ba ya hana wannan. Inuwa ce ke rage shi.

Inda Hamma Usman ya yi gaskiya shi ne girman mazubi. Tumatir guda ɗaya yana son kamar lita 20, wato babban bokitin fenti ko jarka cikakkiya da aka yanke samanta kaɗai. Wanda ya sa shuka biyu ko uku a bokiti ɗaya, ko ya dasa a rabin jarka, dole ya yi ta ban ruwa, domin babu inda ruwan zai zauna. Babbar shuka mai 'ya'ya a wannan yanayi tana iya shan lita 2 zuwa 3 a yini, wani lokaci fiye.

Sannan yadda ake zubawa. Kada a watsa ɗan kofi ɗaya a sama a wuce, wannan saman ƙasa kawai yake jiƙawa. A zuba a hankali a gindin shuka, a dakata ya nutse, a ƙara, har sai an ga ya fara ɗiga ta hujin ƙasa. Akwai kuma wani abu da ke yaudarar mutane. Laka in ta bushe ƙamas tana tsukewa ta rabu da bangon bokiti. In ka kwara ruwa sai ya bi ta wannan tsagar ya fice nan take, ka ɗauka ya ƙoshi alhali tsakiyar ko jiƙa ba ta yi ba. Abin da ake so ƙasa ta zauna da danshi irin na tsumman da aka jiƙa aka matse.

Maman Khairat:
Malam, na gode ƙwarai. Wallahi wannan na tsagar bango na gan shi a jarkoki biyu, ruwa na zubawa yana fita. Bokitan kuma su ba sa ɗiga ko kaɗan.

Goggo Asabe, Jekadafari:
Maganar baƙin gindin nan fa? Ni abin da na sani, a daka ɓawon ƙwai a barbaɗa, ko a zuba toka. Haka muke yi.

Sadiq Nasarawo:
Anya ba sharon ba ce? A 2016 haka ta cinye tumatir a Kano da Kaduna har aka rasa na miya. Ina ganin ta nemi magani ta fesa tun da wuri.

Bappa Manu:
A'a Sadiq, kada ka sa ta kashe kuɗi. Wanda ya ga sharon ba ya mantawa. Ita tsutsa ce ƙarama, tana shiga cikin ganye ta cinye tsakiyarsa ta bar fata fara-fara, in ka ɗaga ganyen ga rana za ka hango ta da ɗan baƙin kashinta. A jikin tumatir kuma huji take yi, galibi wajen hanci inda yake manne da reshe. Wannan da 'yata ta faɗa a gindi yake, ya lotsa ya bushe, babu huji. Feshi ba ya yi masa komai.

Malam Sale:
Haka ne Bappa. Goggo, da girman kujerarki, maganarki tana da tushe, domin ruɓewar gindi daga ƙarancin sinadarin kalsiyam ne a cikin ɗan tumatir, kuma ɓawon ƙwai yana da shi. Sai dai sau da yawa sinadarin yana nan a ƙasar, isar da shi ne ya gagara. Cikin ruwa yake tafiya daga saiwa zuwa sama. In yau ƙasa ta bushe gobe ta yi caɓi, ko saiwa ta lalace, tafiyar tana yankewa, kuma ganye ya fi 'ya'ya jan ruwa, sai gindin ɗan tumatir, da yake shi ne ƙarshen hanya, ya rasa. Ɓawon ƙwai kuwa yana daɗewa ƙwarai kafin ya narke a ƙasa, ba zai ceci 'ya'yan bana ba. Toka kuma a bokiti a yi hattara, kaifi gare ta, in ta yi yawa a ɗan wuri tana hana shuka cin wasu sinadaran.

Dogayen iri kamar Roma sun fi saurin kamuwa da wannan. Yawan takin da ke sa ganye, irin yuriya ko kashin kajin da bai gama ruɓewa ba, shi ma yana ƙara shi. Ba cuta ba ce mai yaɗuwa. Waɗanda suka riga suka yi baƙi ba za su warke ba, ki tsinke su. In ruwa ya daidaita, na bayansu sukan fito lafiya.

Goggo Asabe:
To Malam, na ji. Amma ni dai ba zan daina zuba ɓawon ƙwai ba, ban taɓa ganin ya cuci shuka ba.

Malam Sale:
Ba ya cutarwa Goggo, ki ci gaba. A daka shi lukui a gauraya da ƙasa tun kafin dashe ya fi.

Adda Jummai:
Ni fa har yanzu ban gamsu ba. In yawan ruwa na kashe tumatir, me ya sa nawa ba su mutu ba? Kuma tun muna yara ake cewa ban ruwa da rana tsaka yana dafa shuka, ni ina yi ban ga ya dafa ba.

Hamma Usman:
Adda, a cikin me kika dasa?

Adda Jummai:
Buhun siminti da na shinkafa.

Hamma Usman:
Shi ya sa. Buhu ko'ina huji ne, ruwa na tsatsowa ta gefe, iska na shiga. Da wuya ki cika masa ruwa har ya yi illa, sai dai yana cin ruwa da yawa. Mai famfo a gida zai iya, mai sayen kura zai ji a aljihunsa.

Malam Sale:
Maganar dafa shuka, Adda Jummai, ruwan ne abin dubawa. Wanda ya wuni cikin baƙin tankin roba a saman gini, ko ya kwanta cikin tiyo a rana, yana yin zafin da hannu ma ba ya so. Wannan in an zuba a saiwa yana yi mata lahani. Amma ruwan randa ko na jarkar da ke inuwa, in ƙasa ta bushe da gaske, a ba shuka ko da ƙarfe 1 na rana ne, kada a ce sai yamma. A gindi dai, ba a kan ganye ba.

Hajiya Binta, Federal Low-cost:
Ina bin maganar nan tun ɗazu. Ni abin da ya rage mini sayen ruwa ba yawan ban ruwa ko ƙarancinsa ba ne, wurin ajiyar ne da rufe ƙasa. Maman Khairat, katangar da kika jera su, wace rana take sha? In ranar la'asar ce ke dukanta, bulo yana riƙe zafi har dare, ga siminti a ƙasa, ga roba. Ki sa hannu a jikin bokitin da ƙarfe 3 ki ji. Saiwar da ke manne da wannan bangon tana wahala. Nawa na mayar da su inda suke samun rana daga fitowarta zuwa azahar, daga nan inuwar ɗaki ta rufe su. Na ɗora kowanne a kan bulo biyu, na naɗe baƙaƙen da farin buhu. Saman ƙasar kuma na shimfiɗa ɓuntun shinkafa kaurin yatsu uku, na bar ɗan fili a jikin karan don kada ya ruɓe. Ɓuntu ba wuyar samu yake ba, ga masu casar shinkafa nan ta wajen Dadin Kowa da cikin gari. Ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa ma suna yi. In ka ɗaga ɓuntun da yamma sai ka ga ƙasar baƙa da laima, alhali bokitin da ba a rufe ba samansa ya yi fari ya tsattsage.

Maman Khairat:
Hajiya, ranar yamma ce ke dukansu kuwa. Gabas ɗin gidan akwai wuri kusa da madafi, can zan mayar da su in sha Allah.

Bappa Manu:
In ba wurin matsawa, a kafa 'yar rumfa da zana ko tsohon gidan sauro ta ɓangaren yamma. Amma kada a rufe shi ruf, tumatir ɗan rana ne, in bai samu kamar awa 6 ba sai ya yi tsawo siriri ba 'ya'ya.

Ummi, ɗalibar jami'a:
Iyayena da yayyena sannunku. Tambayoyi biyu gare ni. A hostel muke da 'yan robobi na tumatir da attaruhu. Ruwan wanki za mu iya zuba musu? Sannan in an yi hutun ƙarshen mako mun tafi gida, yaya za mu yi?

Hajiya Binta:
Ummi, ruwan omo da na bilic kada ki kusantar da su. A gona ƙasa na da faɗi, a roba kuwa duk abin da kika zuba nan yake taruwa. Ruwan alwala, na wankin shinkafa, na wankin kayan miya, duk ki tara a bokiti ki ba su, muddin ba gishiri ba mai. Ni baho nake ajiyewa a wurin alwala, abin da ya taru daga asuba zuwa isha ba kaɗan ba ne.

Malam Sale:
Ƙari a kan na Hajiya: masu amfani da ruwan burtsatse ko rijiya mai zartsi su lura da wani farin abu da ke kamawa a saman ƙasa da bakin bokiti. Gishirin ruwa ne da na taki ke taruwa, yana sa bakin ganye ya ƙone. Lokaci-lokaci a kwara ruwa mai yawa har ya yi ta fita ta ƙasa, ya wanke shi. Wannan ma dalili ne na buɗe huji da kyau.

Na tafiya kuma, ki samu robar ruwa babba, ki ɓula murfinta da allura, ki cika ta, ki kifa ta cikin ƙasa ɗan nesa da kara. Ki gwada tun kina nan ki ga saurin ɗigarta, domin wata tana ƙarewa cikin sa'a guda, wata kuma ƙasa na toshe ta. Ƙaramar tukunyar ƙasa wadda ba a yi wa fenti ba ta fi aminci in mazubin yana da faɗi: a binne ta zuwa wuya, a cika, a rufe bakinta, ruwan yana tsatsowa ta jikinta a hankali. Kafin ki tafi ki ba su sosai, ki ja su inuwa. Wannan na kwana biyu ne zuwa uku, dogon hutu sai an bar wa mutum amana.

Sadiq Nasarawo:
Safe ko yamma, wanne ya fi? Ni sai na dawo kasuwa nake samun lokaci.

Bappa Manu:
Safe ya fi, shuka ta shiga rana da ƙoshinta. Amma yanzu da iska take a bushe, na yamma ba laifi in a gindi ka zuba. Da damina ne ba ma so ganye ya kwana a jiƙe, ko ruwa ya fantsamo ƙasa jikin ganye, daga nan cutar ɗigon baƙi a ganye ke farawa. Abin da zan hana ka shi ne ka bar shi ya bushe kwana da kwanaki sannan ka zo ka cika shi lokaci guda. In 'ya'yan sun kusa nuna, fashewa za su yi.

Maman Khairat:
Salamu alaikum, na dawo da bayani. Akwai bokiti ɗaya da shukarsa ta fi kowacce lalacewa, sai muka kwantar da shi muka zaro ƙasar gaba ɗaya. Sama a bushe take kamar faɗin tafin hannu. Daga tsakiya zuwa ƙasa kuwa caɓi ne baƙi, yana wari mai tsami. Hujin duk laka ta toshe su. Saiwoyin ƙasa sun yi ruwan ƙasa, in ka ja sai fatarsu ta saɓule a hannu. Farare kaɗan ne suka rage ta sama. Jarkokin nan biyu kuma da na tona da tsinke, tsakiyarsu a bushe ƙamas.

Hamma Usman:
To kin ga, gida ɗaya matsala biyu. Jarkokin nan ƙishi ne, a kansu ina nan kan bakana. Ki sa su cikin baho mai ruwa su tsotsa ta ƙasa har saman ya yi laima, sannan ki fitar. In ba haka ba ruwa zai ci gaba da bi ta gefe.

Maman Khairat:
Bappa, sauran bokitan in juye su in canza ƙasa?

Bappa Manu:
Kada ki taɓa su da 'ya'ya a jiki cikin wannan zafi, ba za su ɗauka ba. Ki sa a gasa ƙarfe mai kaurin yatsa a huda gefen bokitin ta ƙasa-ƙasa, zagaye, wuri biyar ko shida. Hujin gefe ba ya toshewa kamar na gindi. Ki ɗora su kan bulo, ki bar su su tsane, kada ki ba su sai yatsa ta ce a ba su. Taki ma ki dakata. Dashe na gaba ki haɗa ƙasar jigawa da yashi da takin da ya ruɓe ya huce.

Kuma in faɗa miki tun yanzu don kada ranki ya ɓaci: daga nan zuwa Afrilu za ki ga fure yana zubewa bai zama ɗa ba. Wannan ba laifin ban ruwanki ba ne.

Malam Sale:
Gaskiya ne. In zafin rana ya haura digiri 35, dare ma bai yi sanyi ba, garin furen tumatir yana lalacewa, furen ya bushe ya faɗi. Gombe kuwa a Maris da Afrilu tana kaiwa wajen 40. Yana cikin abin da ke sa tumatir tsada a ƙarshen bazara da farkon damina. Waɗanda suka riga suka ƙulla ki kula da su har su nuna.

Adda Jummai:
Malam, ni ma ga tawa. Yau na tarar da guda ɗaya cikin nawa ta kwanta tun safe, ganyenta kore shar bai yi rawaya ba, ƙasar da laima, na kusa da ita lafiya lau. Na ƙara mata ruwa ba ta tashi ba.

Malam Sale:
Adda, wannan ki raba ta da sauran tukuna. Ki yanki karan ta wajen gindi, ki rataya yankakken bakin cikin kofin gilashi mai ruwa garai, kada ki motsa shi. In bayan 'yan mintoci kin ga wani farin abu siriri yana sauka daga karan, cutar yaushi ce ta ƙwayoyin bakteriya, ba ta da magani. In ba ki ga komai ba, ki duba saiwar ko tana da ƙulli-ƙulli, wannan kuma tsutsar saiwa ce wadda ido ba ya gani, ta fi yawa a ƙasa mai yashi. Ko wacce ce daga ciki, ki tuge shukar ki ƙona, kada ruwan da ke fita daga buhunta ya gangara wa sauran, kuma ƙasar buhun kada ki sake dasa tumatir, attaruhu, tattasai ko gauta a cikinta. Wuƙar ma ki wanke ta da bilic kafin ta taɓa wata shuka.

Adda Jummai:
To Malam, bari yaran su dawo makaranta su taya ni janye buhun, zan yi gwajin kofin in turo hoton abin da na gani.